Igiyar da na ƙulla wa Sallau

Ni ce tsohuwar nan da kuka gani a bidiyo. E, ni ce mai sandar. Sunana Hure, ina zaune a Dogon Dutsi bakin kwalta, kuma ban zo ba kowa haƙuri ba.

Ga wanda bai gani ba, ranar Lahadi da hantsi ina ƙofar gida ina tsintar wake, sai ga tirela ta rage gudu, samari uku sanye da takalmin taya sun maƙale a bayanta suna ihu, ɗayansu har yana ɗaukar kansa hoto da hannu guda. Na ƙarshensu ya saki ƙarfen ya sulalo ta gabana yana washe baki. Na tashi na shimfiɗa masa sanda a gadon baya, sau biyu. Da gwiwata ta bar ni da ya sha na uku.

Jikata Zalihatu ta karanta mini duk abin da kuka rubuta, ban yarda ta tsallake ko ɗaya ba. Wani ya ce in ji tsoron Allah. Wani ya ce a kai ni gidan mahaukata. Wata mai hoton fure a madadin fuska ta ce, "Wannan kakar ba ta taɓa sanin daɗin ƙuruciya ba." Ke mai fure, da ke nake, gyara zama. Zalihatu ce ke rubutawa ina faɗa. Ta ce za ta mayar da Hausata irin ta takarda, na ce ta gyara tawa, amma mutanen da zan ambata a bar su su yi magana da bakinsu.

Shekara uku da samun mulkin kai ina da shekara goma sha tara. Rugarmu tana kudu da hanyar mota, kusa da Kore Mairuwa. A lokacin babu kwalta, jar hanya ce mai tsakuwa, mota in ta wuce sai ka gama alwala ƙurarta ba ta kwanta ba. Duk ranar kasuwa nakan ci kitso, in shafe shi da man shanu, in ɗaura baƙin saƙina da 'yar rigar da ba ta rufe cibi, in jera 'yan kunne shida a kowane kunne, in ɗauki ƙwaryar nono. Kyakkyawa ce ni, kuma na sani. Bakina ma na san shi, babu saurayin da ya taɓa tsayawa gabana bai tafi da tabo ba.

Ran nan muna zaune gindin gawo da ƙwaryoyinmu, kamiyo ya taho daga Dogon Dutsi, irin manyan motocin kayan nan masu bodin katako. Sai muka ga mutum a kan keke ya kama ƙarfen baya da hannu ɗaya, ko feda ba ya takawa, rigarsa ta cika da iska. Da suka zo daidai kasuwa ya saki, ya sulalo har gaban ƙwaryata yana kaɗa ƙararrawa. Kaki ne a jikinsa, gajeren wando, jar dara, jakar fata a rataye. Ƙura ta mayar da shi ja har gashin ido.

"'Yar Hulani, nonon ga na yau na ko na jiya?"

"Wanke huskarka ka gani."

Ya yi dariya, ya sha ludayi uku, ya ce sunansa Sallau, mutumin Ƙonni ne, shi ne pilanton biro, wato mai kai wa hakimai takardun kumandan, babban mai mulkin yankin. Ƙawayena sai kallonsa suke kamar sun ga wanda ya faɗo daga sama. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, da ya tashi tafiya na ce masa, "Ashe cikin 'yan birni akwai maza." Wannan maganar na faɗe ta da bakina, kuma ya riƙe ta. Daga ranar bai ƙara shigowa Kore Mairuwa da ƙarfin ƙafarsa ba, sai a bayan mota, don in gani.

Wata biyar muna haka kafin ya yi ƙarfin halin zuwa ruga. Ya jingine keke jikin bukkar Inna, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gai da Baffa. Baffan nan, mahaifina Gidaɗo, mutum ne da za ka yini da shi bai yi magana goma ba. Wana Yero ne ya gaji duk maganar gidan, da zafin ran da ba mu san inda ya samo shi ba. Ina cikin bukka ina leƙe ta tsakanin kara.

Hamma Yero ya dogara sanda, ya dubi Sallau sama da ƙasa.

"Shanu nawa gare ka?"

"Ba ni da saniya. Keke gare ni."

"Tana haihuwa?"

"A'a."

"Ana tatsa tata?"

"Hamma, aiki gare ni na gwamnati."

"Kada ka ƙara ce min Hamma, ba mu sha nono guda ba. Ka taɓa tsayawa sharo? Ka taɓa buɗe ƙirji anka zuba ma bulala kana murmushi?"

Sallau ya miƙa masa bayan hannunsa na dama. Duk gaɓoɓin yatsun sun yi baƙi, wasu sun fashe. Ya ce, "Ga sharona. Aparanti, yaron mota, in ya gan ka maƙale da mota, da sanda shika bugun yatsu, ka saki ko ka daure. Ni ban taɓa saki ba."

"Wanga ba sharo ba na, bara ta," in ji Hamma. "Mai ƙarhi shika ja, kai kana bin ƙura kamar kaska jikin sa. Ƙanwata ba ta auren kaska."

Na ji kamar in fito in yayyage shi. Gaskiya ya faɗa, amma ranar ban ji gaskiya ba, ƙiyayya na ji. Baffa ya daɗe yana murza igiya a cinyarsa, sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ruwan hwari in ya sauka, gari na wayewa muna tashi arewa. Shi kawo goro. In ya iske mu, ya iske mu."

Ku 'yan birni ba za ku gane nauyin wannan ba. Ruwan farko in ya sauka, manoma da asuba suke fita shuka, kuma saniya ba ta ƙara kwana a gonar mutum. Mu tashi mu yi arewa, sai bayan girbi. Wata biyar ke nan, wani lokaci shida. Baffa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya bar wa sama ta yanke, kuma Hamma ya rantse a gaban Inna cewa ko da tsakar ruwa ne sai ya kora garke kafin ɗan keken ya iso.

Daga nan gida ya zama mini wuta. In na ɗauki ƙwarya Hamma ya ce, "Za a kai ma kaska abinci." In na yi kitso ya ce, "Ki yi da kyau, ƙura za ta ci shi." Inna takan ce, "Hure, ɗiyar ruga cikin gari kamar saniya ɗaure ga turke ta." Ni kuma kullum idona na gabas ina roƙon hadari ya yi haƙuri.

Kasuwar da ta biyo baya Sallau ya zo hannunsa naɗe da tsumma. Wani aparanti ya same shi da kan ƙarfe. Ya ce kumandan zai fita rangadi da shi, kwana takwas, in sun dawo zai ɗauko goro ya zo.

"In ruwa ya riga ka hwa?"

"Mota ta kawo ni. Sai dai hannun ga ba ya kama ƙarhe yanzu. Hure, ku aka ba igiya. Tuƙa min guda mai tsawo, gaba huɗu. Baki guda in saƙala ga ƙugiyar mota, guda ki yi min zobe in sa wuyan hannu. Sanda ba ta kai gare ni, ƙura ma ta rage."

Zalihatu ta ɗago kai tana kallona. Rubuta, yarinya. E, na ce to. Ban ce masa ka bar wannan haukan ba. Daɗi ma na ji, za a ga igiyata tana jan namiji a kan hanyar gwamnati.

Yana barin wurin sai ga Ladidi. Wata bazawara ce mai tuwo a tashar Dogon Dutsi, tana zuwa sayen man shanu. Farar atamfa, ɗaurin ɗankwali ya kai kamu ɗaya, haƙoran nan sun sha fure da goro, turare kamar ta faɗa kwalba. Ta tsuguna tana latsa mini curin mai da yatsa.

"Ke ta Hure? Allah sarki. Ki ce ma saurayinki shi rage wasa da mota. Ni ka gasa mishi hannun nan da ruwan zahi kullum, har na gaji."

"Wa ya sa ki?"

"Ai wurina shika cin tuwo. Ku in kunka yi arewa, wani ya kula da shi."

Ta biya ta tafi tana karkaɗa jiki. Ban ga hanya ba ranar, ban san yadda na isa gida ba.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne abin yake. Ƙulli biyu kowace 'yar ruga take koya tun tana ƙarama. Akwai ƙullin tatsa, wanda muke ɗaure ƙafafun saniya da shi, in ka fizgi jelar igiyar sau ɗaya ya warware, ko da saniyar tana harbi. Akwai ƙullin maraƙi, wanda ake zarga wa ƙafar ɗan maraƙi mai gardama, yana ja yana ƙara kamawa, ba ya kwantuwa sai an sassauta igiyar. Kuma mu 'yammatan ruga muna da wata magana tsakaninmu: in kika ba saurayi abu mai igiya, laya ce ko gora, kika yi masa ƙullin maraƙi, ba ya zuwa ko'ina, duk inda ya ja wurinki zai dawo.

Kwana biyu ina tuƙa igiyar nan da rama, riɓi uku, ko sa ba zai tsinka ta ba. Da na zo zoben hannu na san wanda ya kamata in yi. Wallahi na sani. Har na fara ƙullin tatsa, sai na ji ƙamshin turaren Ladidi a hancina, na ga yatsanta cikin man shanuna. Na warware na yi na maraƙi, na ja shi da haƙori.

Inna ta gani. "Wanga na wane maraƙi na?"

"Na wani mai gardama."

Ta dube ni ta ci gaba da kaɗa nono. Na aika masa da ita ta hannun wata mai kai nono Dogon Dutsi, a naɗe cikin faifai biyu.

Ranar da rangadi ya cika kwana takwas, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta kwashe mana shanya, ruwa ya zuba kamar an kifar da tulu. Kowa a ruga yana hamdala, ni ina tsaye cikin ruwan ina jin kamar a kaina aka yanke hukunci. Hamma ya wuce ni yana fito.

Gari bai gama wayewa ba ya fara kwance bukkoki. Abin da muka saba yi har rana ta take, ranar kafin hantsi an gama. Ni kuwa na zama malalaciya da gangan. Na ɗaure ƙwaryoyi na kwance, na ce faifai ɗaya ya ɓace, na ce takarkari bai sha ruwa ba.

"Hure, in kinka ƙara kwance kayan ga, aradu da ke zan haɗa in ɗaure!"

"Ɗaure ni mana! Ai ka saba da dabbobi."

Ya ɗaga sanda. Baffa ya yi gyaran murya, ya sauke. Muka tashi. Ina bisa takarkari tsakanin ƙwaryoyi, wuyana har ya ƙage don waige.

Dole garke ya tsallaka hanyar mota kafin ya yi arewa. Inda muka saba tsallakawa fili ne, ana hango mota tun daga nesa, amma sai an zaga ta kusa da kasuwa. Hamma ya ƙi, don kada mu haɗu da Sallau. Ya yanke ta ƙasan wata gangara inda hanya ta yi kwana cikin sabara. Shanu sun fi ɗari, sun cika hanya, rabi sun haye rabi ba su haye ba, sai muka ji kukan inji daga sama.

Kamiyon albasa ne, lodi har ya fi bodi. Ya fito daga kwanar yana gangarowa. Ruwa ya kwantar da ƙura, don haka na gan shi sarai: can baya, gaba huɗu daga motar, jar dara, kaki, ƙunshin goro a bayan keke, igiyata miƙe kamar tsarkiya. Zuciyata ta yi tsalle don murna. Ku ji fa, murna na yi.

Abin da samarin nan masu takalmin taya ba su sani ba shi ne, wanda ke bayan mota makaho ne. Direba yana ganin hanya, kai katako kake gani. Direba ya ga shanu, Sallau bai gan su ba. Direba ya taka birki, keke ba ta san an taka ba. Na ga ya shige ƙarƙashin bodin da ƙarfi, na ji ƙarar ƙarfe. Motar ta ƙi tsayawa a kan jiƙaƙƙiyar hanya, direba ya karkata ta ya faɗa daji don kada ya hau garke, ya ci gaba da murƙushe sabara. Bai san da mutum a bayansa ba, ba wanda ya gaya masa.

Keken ta yi gefe. Sallau bai yi gefe ba. Igiyar ta ja shi a ƙasa, bisa tsakuwa, bisa kututture, kuma ina gani da idona yana kai hannun hagu yana fizgar jelar ƙullin. Sau uku ya fizga. Da na tatsa ne, da na farko ya ishe shi.

A wurinmu budurwa ba ta kiran sunan saurayinta a gaban ubanta, ko da wuta ta kama. Na kira. Na diro daga takarkari, ƙwaryoyin Inna suka tarwatse, na bi motar ina kururuwa da sunansa har ta tsaya jikin wani gawo.

Ba zan gaya muku yadda hannun ya koma ba, Zalihatu ba ta ci abinci ba tukuna. Igiyar ta nutse cikin nama ba a ganinta. Direba ya sauko yana salati yana zagi lokaci guda. "Wane ɗan banza ya ɗaure mutum ga motata? Ku shaida, ban san da shi ba!" Na durƙusa ina neman kwance ƙullin, yatsuna suna santsi. Ni na yi shi, na kasa. Baffa ne ya zo ya sa wuƙa.

Goro ya watse ko'ina a hanya, shanu suna takawa. Sallau ya buɗe ido, fuskar nan duk jini da laka. Bai dube ni ba, Baffa ya nema.

"Baffa... na iske ku?"

Hamma Yero ya ce, "Rabin garke ya haye. Mun tashi."

Baffa ya sunkuya ya tsinci goro ɗaya daga cikin laka, ya goge a rigarsa, ya ɓare, ya sa a baki. Ya ce, "Ya iske mu." Sannan ya dubi guntuwar igiyar da ke hannunsa, ya juya ƙullin, ya dube ni. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa Hamma, "Kai ka zaɓi wurin tsallaka. Hau, ka raka ƙanwarka." Aka shimfiɗa Sallau bisa buhunan albasa muka yi Dosso, shanunmu suka yi arewa ba mu.

A asibiti suka yanke hannun daga gwiwa. Hannun dama, wanda ake ci da shi, ake gaisawa da shi, ake miƙa wa kumandan takarda da shi. Kwana huɗu bai san inda yake ba. Ni da Hamma muna zaune ƙarƙashin dalbejiya, ba mai yi wa wani magana. Bai taɓa kwana nesa da shanu ba sai a dalilina, kuma kowane kallo ya yi mini sai na ji shi a ƙashi.

Rana ta biyar da hantsi aka ce ya farka. Na shiga na tsaya daga ƙafar gado, na rufe rabin fuska da zane. Ɗakin cike da majinyata da 'yan jinya. Sai ga Hamma ya shigo, ya sa hannu a aljihu, ya jefa guntuwar igiyar bisa ƙirjin Sallau. Ashe ya ɗauko ta.

"Kowa na cewa Yero ya kora shanu bisa hanya. Na ji, na ɗauka. Amma kai ɗan birni, tambayi wagga wane ƙulli ta yi maka. Tambaye ta! Da ta yi maka na tatsa, da yanzu kana nan da hannunka kana cin tuwon tasha. Ƙullin maraƙi ta yi, don kada ka kubce mata. Ga matar da kaka so."

Na so ƙasa ta tsage. Ban musa ba, ba abin musu. Na tsani Hamma a lokacin nan fiye da yadda na taɓa tsanar wani mahaluki, kuma na fi tsanar kaina.

Sallau ya ɗauki igiyar da hagu, ya daɗe yana kallo.

"Shekara huɗu nika kai takarda cikin rugage," ya ce, muryar can ƙasa. "Kana zaton ban san ƙullin maraƙi ba? Tun da na buɗe faifan na gane shi. Har abin da 'yammatanku ka cewa bisa kai na sani."

Na ce, "To don mi ka sa hannu?" Ban san sanda maganar ta fito ba.

"Daɗi na ji. Na ce ashe tana tsoron in tahi." Ya rufe ido. "Ba ƙulli ya kama motar mutane ba, Hure. Ni na kama."

Hamma ya juya ya fita. Bai ƙara kiran Sallau kaska ba, amma bai zo ɗaurin aure ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa cin abincin gidana ba.

Zalihatu tana share hawaye wai labarin soyayya ne mai daɗi. Daɗin uwar wa? Aikin biro ya tafi, ba a ba mai hannu ɗaya keken gwamnati. Ya koma tsaron sito. Ya koyi ci da hagu, yana juya wa baƙi baya don kunya. 'Ya'yansa bakwai, bai taɓa ɗaga ko ɗaya sama da hannu biyu ba. Ya yafe mini tun a gadon asibiti, ni ce ban yafe ba, kuma kada wata ta rubuto mini wa'azi a kai.

Mai hannu ɗaya ba ya iya ɗaure tazugen wandonsa. Shekara arba'in da ɗaya, har Allah ya ɗauke shi, kowace safiya, ni nake durƙusawa in ɗaure masa. Kullum ƙullin tatsa nake yi, yadda zai fizga da hagu ya kwance. Kullum sai ya dubi kaina ya ce, "Yau ma sakina za ki yi?" Ban taɓa dariya ba ko sau ɗaya.

Ɗazu saƙo ya shigo wayar Zalihatu daga uwar yaron da na buga. Wai gobe da hantsi za ta zo da shi da ɗan sanda, in nuna mata dalilin da ya sa na taɓa mata ɗa. Na ce a amsa mata ta zo, kuma kada ya bar takalman a gida. Na sa an buɗe adakata an ciro guntuwar igiyar, tana nan da baƙin jininta, ƙullin bai kwance ba har yau. Zan ce ya miƙo hannun dama.